Musayar waƙa: Bryant, mawaƙin daji ko ɗan jarida?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum yan uwa, yau William Cullen Bryant na Amurka na ɗauko, haifaffen Cummington a 1794. Mai alƙalami ya shigo.

Bryant, saurayi lauya, yana tafe shi kaɗai,
Sanyin Disamba yana huda shi,
Ya hango tsuntsun ruwa can sama,
Ba garke, ba wanda ke bin shi,
Ya ce Mai nuna wa tsuntsun hanya
Ni ma ba zai yar da ni ba, na san shi.

Gwaggo Mai Alƙalami:
Ɗan Fadama ka tsaya ga tsuntsu,
Ka bar mutum a bakin rafi,
Shekara kusan hamsin yana edita,
Evening Post ya riƙe da ƙarfi,
Ya yaƙi bauta da bakin biro,
Ɗana wannan ne aikin da ya fi.

Ɗan Fadama:
Gwaggo jaridar yau ta yau ce,
Gobe da ita ake naɗe ƙosai,
Waƙar mutuwa da ya yi yana matashi
Ita ce ta tsaya da ƙafarta sosai,
Thanatopsis tun 1817
Har yanzu ana karanta ta a makarantu.

Autar Gwaggo:
Wallahi Gwaggo ta ci wannan zagayen, ko kun ƙi ko kun so!

Malam Na Zaure:
Ɗan Fadama, ƙosai, sosai, sai kuma makarantu? ina amsa-amon ya tafi? kuma layin 1817 ɗin nan in ka rera shi sai numfashinka ya ƙare kafin ka kai ƙarshe, gurguwar ƙafa ce wannan.

Ɗan Fadama:
Allah gafarta Malam ai ita kanta Thanatopsis ɗin babu amsa-amo a cikinta, kari ne kawai, gaɓa goma goma a layi, kuma babu wanda ya ce ba waƙa ba ce, har ma da babansa likita ya tsinci takardun ya kai wa mujallar North American Review sai da aka yi shakkar ɗan Amurka ne ya rubuta saboda kyanta.

Malam Na Zaure:
To shi ya saki amsa-amo ya riƙe kari, kai ka saki duka biyun. Gyara baitin kawai.

Autar Gwaggo:
Malam a bar shi haka, dama ya sha ƙasa.

Gwaggo Mai Alƙalami:
Ku yi haƙuri wuta aka ɗauke tun la'asar, yanzu na samu caji.

Kuna ta faɗa a kan ƙafar baiti,
Ni ga tambaya ɗana ka amsa,
Wa ya gabatar da Abraham Lincoln a New York
A 1860, in ba editan da ka rena sa?
Wa ya nace a yi wa birnin lambu
Talaka ya sha iska da iyalinsa?
A lambun nan ya yi jawabin ƙarshe,
1878, rana ta bugi kansa,
Ya faɗi a matakala bayan taro,
Kwanaki kaɗan aka yi rashinsa.

Ɗan Fadama:
Gwaggo kin kawo min hujja da kanki,
Mai son itace ne ya nemi lambu,
Da bai taso cikin dajin Cummington ba
Da editan naki bai ce komai ba.

Malam Na Zaure:
Lambu da ba? Ɗan Fadama ka sake. Ina jiran gyaran na farkon ma tukuna.