Kankaren dal ɗina ya ba da lamba uku, wacce zan ɗauka?

Ɗan Zariya 2:
Salamu alaikum manya. Muna gini a unguwar Zariya, nan Maraɗi, mai gida yana son a ɗora tankin lita 2000 bisa dal. An matse samfurin kankare bayan kwana 28, sai muka samu 19, 24 da 27 MPa (ma'aunin ƙarfin kankare). Siminti ɗaya, kwaɓi ɗaya! Ni dai raina ya fi kwantawa da 24, tunda tana tsakiya.

Injiniya Tsoho:
Wa alaikumus salam ɗana. Tsakiya ba ta riƙe gini. Matsakaicinsu 23,3 ne, bazuwarsu, wato yadda suke nesa da matsakaicin, kusan 4. Ka ninka 4 da 1,64 ka cire, za ka sauko wajen 17. Ƙarfin da kashi 95 cikin ɗari na kankaren zai wuce ke nan. Sannan BAEL, ƙa'idar Faransa ta lissafin ginin kankare, ta ce a raba ƙarfin da 1,5, nauyin gini kuma a ninka da 1,35. Samfur uku ma sun yi kaɗan, wallahi. Ruwan tankin kaɗai tan 2 ne fa.

Ɗalibar jami'a:
Baba, ba za a iya gwada Monte Carlo ba? A sa kwamfuta ta canza ƙarfi da nauyi sau dubbai, a ƙirga sau nawa dal ɗin ya gaza.

Injiniya Tsoho:
Ana iyawa, ɗiyata, amma da lamba uku me za ki ba ta?

Magini Tibiri:
Ku tambaye shi yashin Gulbi ya sa? Wani da laka yake zuwa. Kuma yaran suna ƙara ruwa in rana ta yi zafi.