Farcena ya yi laushi saboda ledar ado, hutun wata nawa yake buƙata?

Maman Nana, Yantala, Yamai:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan abu da kyau. Tun bikin ƙanwata, yau wata shida ke nan, na saba da ledar adon nan da ake liƙa wa farce, wadda take zuwa kamar sitika, a yanka ta daidai da girman kowane yatsa, a danne ta, a goge bakinta. Ba na barin ta ta daɗe, domin a kwanakin da ba na salla kawai nake sakawa, kuma da zarar lokacin wanka ya yi sai in ɓamɓare ta da hannu, in shafa asiton, ruwan nan da ake goge jan farce da shi, a kan sauran gam ɗin. Ke nan kowane wata farcena yana samun hutun kusan mako uku.

Duk da haka, yanzu ya yi fari-fari, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, har jiya da nake ɓalle wa ɗiyata maɓallin rigar makaranta na babban yatsa ya lanƙwashe, na ji zafin har cikin nama. Gwaggona ta ce farce yana numfashi ne, na toshe masa iska, sai in ba shi hutu. Wadda take liƙa mini kuma ta ce in zo ta rufe shi da sabuwa, zai yi ƙarfi a ƙarƙashi. Wanne ne gaskiya, kuma idan hutun mako uku bai isa ba, nawa ne zai isa?

Anti Hadiza, ma'aikaciyar jinya, Lazare, Yamai:

Wa alaikumus salam Maman Nana. Da farko kada ki koma a rufe miki shi, domin abin da aka rufe ba a ganin halin da yake ciki, kuma cirewar gaba za ta ƙara tafiya da abin da ya rage.

Maganar Gwaggo tana da rabin gaskiya. Hutun da ta ce a ba shi daidai ne, amma ba don iska ba. Farcen da muke gani mataccen abu ne mai suna keratin, irin wanda yake cikin gashi, an jera shi ne fale-fale, wani a kan wani. Ba ya numfashi, kuma ba ya warkewa kamar yadda fata take warkewa idan ta yanke. Wurin da yake da rai yana can gindinsa, ƙarƙashin fatar da ta rufe tushen, kuma jini ne yake ciyar da shi. Daga nan sabon farce yake turowa, kimanin milimita 3 a wata, shi ya sa farcen hannu yake ɗaukar wata 4 zuwa 6 kafin ya sauya gaba ɗaya. Na ƙafa ya fi haka jinkiri, yakan kai shekara ko shekara da rabi.

To, ki yi lissafin da kanki. A hutunki na mako uku, abin da yake fitowa sabo bai wuce milimita 2 ba. Sauran duka tsohon ne wanda kika ɓamɓare wa leda a watan jiya, kuma duk ɓamɓarewa tana ɗauke saman farcen tare da gam. Wurin da yake bakin yatsanki yau ya taso ne daga gindi tun farkon fara sakawarki, saboda haka an sheƙe shi sau biyar ko shida kafin ya iso inda yake. Wannan ne dalilin da bakin ya fi ko'ina rauni. Asiton kuma yana kwashe maiƙon farce da na fatar gefensa, sai ya bar shi a bushe.

Shawarata ita ce ki bar shi aƙalla wata 4, ki riƙa yanke shi gajere don kada ya kama wani abu ya tsage har nama. Idan sabon da yake fitowa daga gindi shi ma siriri ne, ko tsakiyarsa ta lotsa kamar cokali, to ba laifin ledar ba ne kaɗai, ki je a auna miki jini, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe yana yin haka, kuma ya yi yawa a tsakaninmu mata, musamman masu ciki da masu shayarwa.

Hajiya Mai Lalle, Tahoua:

Ɗiyata, na shekara fiye da ashirin ina riƙe da hannayen amare, kuma tun da wannan leda ta shigo nake saka wa masu so, don haka bari in faɗa miki abin da mu masu sana'ar ba mu cika faɗa ba. Kafin a liƙa, ana goga saman akaifa don gam ya kama. Idan mai gogar tana gaggawa, ko layi ya yi mata yawa a jajibirin salla, takan ci fiye da ƙima. Ɓarnar tana farawa ne tun kafin ledar ta hau, sannan hannunki ya ƙarasa ta ranar cirewa.

Cirewa tana son haƙuri, kuma na san inda matsalar take: mace ta ga tsarki da asuba, tana son ta yi wanka kada salla ta wuce ta, sai ta sa haƙori ko wata akaifar ta fizge. Wadda za ta saka, ta cire tun daren da take tsammani. A jiƙa yatsun cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci, a ɗiga mai a gefen ledar, a riƙa tura ta sannu a hankali da ɗan tsinken icce daga gefe. Inda ta ƙi, a ƙara mai a jira, kada a tilasta mata.

Akwai abin da ya fi laushi muni. Bara wata amarya ta dawo mini bayan ta bar tata kusan wata guda, gefe ɗaya ya ɗaga, tana wanke-wanke da wanki ruwa yana shiga yana kwana. Da na cire sai ga akaifar ta yi kore kamar gansakukar bakin randa. Ban taɓa ta ba, na tura ta likita. Duk ledar da bakinta ya ɗaga, a cire ta a ranar, kuma ko lafiyarta ƙalau kada ta wuce mako biyu.

Game da tsawon hutu, ba sai kin ƙirga watanni ba, iyayenmu sun bar mana ma'auni. Ki ƙunsa lalle na ganye, wanda aka daka, ya kama akaifun duka su yi ja. Kin san yadda bayan mako biyu ake ganin farin jinjirin wata a gindi, jan yana ta matsawa gaba. Ranar da kika yanke jan ƙarshe, to akaifar da take hannunki sabuwa ce fil, ba ta taɓa ganin gam ba. Sai dai kada ki sake ƙunshi a tsakani, in ba haka ba alamar ta ɓace. Lalle kuma launi ne kawai, ba ya hana ruwan alwala isa, don haka hannunki ba zai zauna babu ado ba. Ga ɗari yana tafe, iskarsa tana tsaga har dugadugai, sai ki riƙa murza man kaɗe a akaifar da fatar gindinta kowane dare da bayan wanke-wanke, kuma kada ki bari a yanke miki wannan fatar, ita ce ƙyauren da yake tsare tushen.

Anti Hadiza:

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ma'aunin lallen ya fi lissafina, domin farcen kowa da irin saurinsa. Koren da ta gani ƙwayar cuta ce mai suna Pseudomonas, wadda take son wuri mai laima a rufe. Zan ƙara abu ɗaya: idan fatar gefen yatsu tana ƙaiƙayi, ko tana ƙuraje masu ruwa, ko fatar ido tana kumbura bayan an saka leda, musamman irin wadda ake busarwa da fitila, to jiki ne ya ƙi sinadarin gam ɗin. Wannan hutu ba ya maganinsa, duk ranar da aka koma zai dawo. Mai ciwon suga kuma ta fi kowa buƙatar kula da ɗan rauni a gefen farce. Baƙin lallen kanti ma a kiyaye shi, domin akan haɗa shi da sinadarin rinin gashi da yake ƙona fatar wasu.

Maman Nana:

Allah Ya saka muku da alheri, Anti da Hajiya. Na duba gindin farcen a hasken rana, sabon da yake fitowa sumul yake, babu lotsawa, kuma babu ƙaiƙayi ko kore. Na yanke su gajeru yau da safe, na aika a sayo mini garin lalle da man kaɗe a kasuwar Wadata, daren Juma'a zan ƙunsa in Allah Ya yarda. Hajiya, shin in sa lemun tsami a kwaɓin kamar yadda na saba, ko zai ƙara busar da farcen a halin da yake ciki?