Yaya mutum zai ziyarci tsibiri ba tare da ya cuci mutanensa da dabbobinsa ba?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin irin wannan tafiya, ko suka san harkar daga ciki. Ni da maigidana mun daɗe muna tanadi domin mu kai yaranmu biyu su ga teku da idonsu, kuma mun fi karkata ga ƙananan tsibiran da 'yan asalin wurin ke zaune a cikinsu har yanzu, maimakon waɗanda manyan otal-otal suka mamaye gaɓarsu. Abin da ya tsayar da ni shi ne takardar tallar da wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya aiko mana. Cikin abubuwan da ya yi alkawari akwai ziyarar awa ɗaya zuwa ƙauyen 'yan asali domin kallon rawarsu, sannan ga hoton wata baƙuwa tana murmushi da jaririyar kififfiya a tafin hannunta. Ɗiyata tana ganin hoton ta ce ita ma sai ta ɗauka, ni kuwa raina bai kwanta ba, amma na kasa faɗa mata dalili. Shin akwai aibu a irin waɗannan abubuwa, ko dai tsantseni ne kawai ya yi mini yawa? Idan akwai, ta yaya mutum zai gane kamfanin da ke mutunta mutanen wuri da dabbobinsa kafin ya biya kuɗinsa?

Malamin Halittu ya amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, zuciyarki ta gaya miki gaskiya, kuma zan fara da kififfiyar tunda ita ce fannina. 'Ya'yan kififfiyar teku suna ƙyanƙyashewa ne a cikin rairayi, galibi da dare, sai su nufi inda sararin sama ya fi haske, wato wajen teku. Ɗan ƙarfin da suke fitowa da shi daga ƙwai shi ne guzurinsu na ratsa gaɓa da yin iyo har su kai ruwa mai zurfi. Duk lokacin da aka ɓata ana miƙa su daga hannu zuwa hannu domin hoto, ko aka tsare su a bokiti ana jiran baƙi su iso, daga wannan guzuri ake ci. Haka nan fitilun otal da hasken waya suna ruɗa su, su juya wa teku baya su nufi tudu, inda tsuntsaye da ƙaguwa da zafin rana ke gamawa da su. Don haka kamfanin da ya sa wannan hoto a tallarsa ya riga ya nuna miki ko bai sani ba, ko bai damu ba.

Dalilin da ya sa tsibiri ya fi babban yankin ƙasa saurin lalacewa shi ne dabbobinsa sun rayu dubban shekaru a keɓe, da yawansu ba su san maharbi ko ɓera ko kyanwa ba, kuma adadinsu kaɗan ne, babu inda za a samo wasu idan sun ƙare. Tsuntsun dodo na tsibirin Morishiyos ya ɓace daga duniya cikin ƙarni na 17, bai kai shekara ɗari ba bayan da jiragen Turawan Holan suka fara tsayawa a can. A tsibirin Guam, wani maciji da ya shiga cikin kayan jirgi bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye mafi yawan tsuntsayen dajin wurin. A tsibirin Pinta na Galapagos kuwa, awaki uku kacal aka saki a 1959, amma zuwa 1970 sun kai kimanin 40,000, suka share ciyayin da manyan kunkuru ke ci. Kunkuru na ƙarshe daga irin na wannan tsibiri ya mutu a 2012. Babu wanda ya kai awakin da niyyar ɓarna, abin da nake so ki lura da shi ke nan.

Saboda irin wannan tarihi ne gwamnatin Ekwado ta tsaurara doka a Galapagos. Ana binciken jakar baƙo kafin ya hau jirgi domin kada ya shiga da iri ko ƙwaro, ba ya shiga yawancin wuraren da aka killace sai da ɗan jagora mai lasisi, kuma tilas ya bar tazarar mita 2 tsakaninsa da kowace dabba ko da ita ce ta matso kusa da shi. Tun watan Agustan 2024 kuɗin shiga ga babban mutum ɗan ƙasar waje ya tashi daga dala 100 zuwa 200. Ki riƙe waɗannan ƙa'idoji ko da tsibirin da za ku je bai kafa su ba: kada yara su taɓa dabba, kada su ba ta abinci domin hakan yana sauya mata ɗabi'a ya sa ta dogara ga mutane, a wanke ƙasan takalma kafin a ƙetara daga tsibiri zuwa tsibiri, kuma kada a taka murjani ko a ɓalle shi, domin halitta ce mai rai a cikin teku da wasu nau'o'inta ke ɗaukar shekaru kafin su yi tsawon ɗan yatsa. Ki duba man shafawar kare fata daga rana ma, domin ƙasar Palau ta haramta nau'o'in da ke cutar da murjani tun 2020, jihar Hawai ta Amurka ta bi sahu a 2021.

Tsohon Ma'aikacin Jirgi ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan dabbobi, sai dai ya tsallake rabin tambayar, kuma a ganina rabin da ya fi nauyi. Galapagos ba ta da al'ummar asali da aka tarar a cikinta, shi ya sa misalinta ba zai warware wa Hajiya batun rawar ƙauye ba.

Na yi shekaru ina aiki a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, kuma na raka baƙi irin wannan ziyara ba sau ɗaya ba. Wata rana jirginmu ya makara da kusan awa uku. Da muka isa, muka tarar da tsofaffin mata da yara cikin kayan rawa suna zaune a rana tun safe, domin an hana su komawa gida kada mu iso babu kowa. Suka yi rawar minti ashirin, baƙi suka ɗaɗɗauki hotuna har wasu na cusa kyamara cikin ɗakunan kwana ba sallama, muka koma jirgi muka ci abincin da muka zo da shi. Ɗan jagoran namu ne, kwale-kwalen na kamfani ne, ko ruwan sha ba mu saya a ƙauyen ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban ce komai ba a ranar saboda albashina, kuma har yau abin yana damuna.

Mafi munin wannan ɗabi'a shi ne abin da ya faru da al'ummar Jarawa a tsibiran Andaman na Indiya, inda wata babbar hanya ta ratsa dajinsu, motoci suka riƙa bi da baƙi ana leƙensu kamar namun daji. Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarnin rufe hanyar a 2002, ba a aiwatar ba, a 2012 kuma wani bidiyo ya fito yana nuna ana sa matansu rawa a ba su abinci. Ga kuma cuta: ƙyanda ta ɓarke a cikinsu a 1999 da 2006, domin jikinsu bai saba da cututtukan waje ba. Maƙwabtansu na tsibirin Sentinel ta Arewa sun ƙi baƙo gaba ɗaya, doka kuma ta hana kusantarsu, kuma Ba'amurken da ya karya dokar a Nuwamban 2018 bai dawo da rai ba. Akwai wurin da mutunta shi yana nufin kada a je.

Amma akwai inda abin ya bambanta, kuma bambancin yana wajen wanda ke riƙe da wuƙa da nama. A Guna Yala da ke ƙasar Panama, al'ummar Guna ce ke mulkin yankinta tun bayan boren da ta yi a 1925. Bare ba ya mallakar fili a can, masaukai da kwale-kwale nasu ne, su ke karɓar kuɗin shiga, su ke cewa ga inda za a je ga inda ba za a je ba. A Rapa Nui, tsibirin manyan mutum-mutumin dutse da ke ƙarƙashin Chile, an miƙa kula da gandun tarihi ga ƙungiyar 'yan asali mai suna Ma'u Henua a 2017, a 2018 kuma aka rage kwanakin zaman baƙo daga 90 zuwa 30. Waɗannan duwatsu siffofin kakanninsu ne, shi ya sa lokacin da wani ɗan ƙasar Finlan ya ɓalle kunnen ɗaya a 2008 aka ci shi tarar dala 17,000.

Don haka, Hajiya, matambayi ba ya ɓata. Ki rubuta wa kamfanin ki tambaye shi wane ne ya mallaki masaukin, daga ina ɗan jagoran ya fito, da wa aka yi yarjejeniyar ziyarar a ƙauyen, kuma nawa ne ke shiga hannunsu daga abin da za ki biya. Kamfanin kirki yana da amsa a shirye har da sunan majalisar ƙauyen. Idan kun je, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, musamman yaro, a kuma karɓi "a'a" ba tare da ɓata rai ba.

Mai Nazarin Muhalli ta amsa:

Ina so in ƙara wani ɓangare, domin wanda ya karanta amsoshin nan biyu zai iya ɗauka cewa mafita ita ce a zauna a gida, ko a rufe tsibiran a huta. Rufewa tana da amfaninta. Hukumomin Tailan sun rufe gaɓar Maya a 2018 bayan dubban baƙi a kullum sun ragargaza murjaninta, kuma kafin a sake buɗe ta a Janairun 2022 ƙananan kifayen shak sun dawo. Yanzu an hana iyo a wurin, an hana jirage shiga bakin gaɓar. Sai dai lokacin da Filifins ta rufe tsibirin Boracay na wata shida a 2018 saboda ƙazantar ruwa, dubban ƙananan ma'aikata ne suka wayi gari ba abin yi, alhali ba su ne suka haɗa bututun najasa da teku ba. A Indunusiya ma, a 2019, an so a rufe tsibirin Komodo tare da kwashe mazaunansa da sunan kare manyan ƙadangarun wurin, sai da mutanen suka yi zanga-zanga aka janye shirin. Mutanen da suka zauna da dabba ɗaruruwan shekaru ba ta ƙare ba, da wuya a ce su ne matsalarta.

Misalin da ya fi burge ni shi ne tsibiran Bijagos na Gini-Bisau, su 88, waɗanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren kare halittu a 1996. Ƙaramin tsibirin Poilao yana cikin manyan wuraren da koren kififfiya ke yin ƙwai a nahiyar Afirka, kuma babban abin da ya kare shi tun kafin a kafa wata hukuma shi ne 'yan asalin sun ɗauke shi wuri mai alfarma, ba a zama a cikinsa, ba kowa ke taka shi ba. Ashe ke nan tambayar 'yar'uwarmu guda ɗaya ce: baƙon da ya kiyaye hanin mutanen wuri ya kare dabbobinsu ko bai san sunayen dabbobin ba.

Akwai kuma abin da ba a sawa a takardar talla, wato ruwa da shara. Ƙaramin tsibiri ruwan daɗinsa ɗan kaɗan ne a ƙarƙashin ƙasa, idan aka zuƙe shi fiye da kima ruwan gishiri ya maye gurbinsa, kuma tafkin iyo na otal ɗaya yana iya shafar rijiyoyin ƙauye. Robar da kika yar ba ta da wurin zuwa, ko a ƙone ta ko ta faɗa teku, shi ya sa ya fi kyau ku koma da ita a jaka. Ga yara kuwa, ki ba su labarin Palau, inda tun Disambar 2017 ake buga wa kowane baƙo alkawari a fasfo, ya sa hannu cewa zai kiyaye tsibirin saboda 'ya'yan ƙasar. Yaran Palau na cikin waɗanda suka taimaka wajen tsara kalmominsa, kuma ina ganin hakan zai shiga kunnen ɗiyarki fiye da faɗa.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na aika wa kamfanin tambayoyin nan huɗu kamar yadda aka ba ni shawara. Sun amsa ta farko kawai, cewa masaukin na wani abokin hulɗarsu ne a babban birni, sauran kuma suka ce bayanan cikin gida ne, don haka mun fasa tafiya da su. Mun sami wani masauki da ƙungiyar matan tsibirin ke gudanarwa, kuma sun ce idan lokacin ƙyanƙyasa ya yi, masu gadin gaɓa suna barin baƙi kaɗan su tsaya daga nesa su kalla. Malam, shin wannan ma da matsala, kuma me ya kamata mu tafi da shi?

Malamin Halittu ya amsa:

Babu matsala muddin masu gadin ne ke jagorantar ku kuma kuna bin abin da suka ce. Ku sa tufafi masu duhu, ku kashe hasken waya da walƙiyar kyamara, idan tilas sai an haska hanya a yi amfani da tocila mai jan haske, domin bai cika ruɗa su kamar fari ba. Ku tsaya ta gefen tudu, kada wani ya shiga tsakaninsu da ruwa, kuma da yamma a sa yara su cike duk ramin da suka haƙa a rairayi su baje ginin wasan da suka yi, domin ramin da bai kai zurfin gwiwa ba ya isa ya tsare jaririyar kififfiya har gari ya waye.