Tambaya: wata bakwai ke nan Fijo 504 ɗina tana garejin bakanike

Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma ina da Fijo 504 ƙirar Kaduna wadda na gada daga mahaifina. Tun farkon damina ta fara zafi a hanya, ruwan lagireto yana ƙarewa, da na zaro ma'aunin baƙin mai kuwa sai na ga ya yi fari kamar an zuba masa nono. Bakanike ya buɗe ya ce kan injin ne ya tsage.

Sau biyu na je Ƙofar Ruwa a Kano neman wani. Na farko bai yi daidai ba, na biyun kuma da aka ɗaura sai aka tarar shi ma yana yoyo, don haka har yanzu motar tana kan duwatsu, an lulluɓe ta da tamfol.

Kuɗin bai dame ni kamar kewar ba. Rumfar da nake ajiye ta awaki ne ke kwana a ciki, makullin kuma har yau yana aljihuna. Na gwada zuwa garejin duk Juma'a, amma na lura zuwan nawa ya fara takura wa mai aikin, ina kuma tsoron ya haɗa ta da gaggawa don ya rabu da ni. Na daina zuwa, sai tunanin ya ƙaru.

Ku da kuka taɓa jiran gyaran tsohuwar mota tsawon watanni, yaya kuka riƙa bin diddigin aikin har hankalinku ya kwanta, ba tare da kun matsa wa bakanike ba?