Oba-oba mai araha: kilomita nawa take kaiwa da gaske?

Mai Albasa, Kware

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar oba-oba, domin na riga na kashe kuɗi a kan abin da bai biya mini buƙata ba, kuma ba na so in ƙara kashe wasu a makance.

Ina noman rani na albasa da shinkafa a fadama, kuma tsakanin gidana da gonar akwai kimanin kilomita 12. A can cikin kwarin sabis ɗin waya ba shi da tabbas, sai yaro ya hau tudu kafin ya iya kirana ya shaida mini cewa injin ban ruwa ya tsaya ko mai ya ƙare. Tun da na ga wahalar da mutane suka sha lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jiharmu ta Sakkwato a watan Satumba na 2021, na ƙudurta cewa sai na nemi wata hanyar magana da ba ta dogara da kamfanin waya ba.

Makon jiya na shiga Sakkwato na sayi Baofeng BF-888S guda biyu, bayan mai shagon ya tabbatar mini da cewa za su kai kilomita 15. Da na dawo gida na ba ƙanena ɗaya, ya hau babur, ni kuma na zauna a zaure. Muna jin juna raɗau har ya wuce gidajen ƙarshe na gari, daga nan murya ta fara yankewa, kafin ya cika kilomita 2 kuwa babu abin da nake ji sai shuuu. Na koma wurin mai shagon, ya ce ƙarfinta ne ya yi kaɗan, in ƙaro kuɗi ya ba ni mai wat 8. Shin da gaske ne mai wat 8 za ta kai gonar, ko kuwa wani ramin zan sake faɗawa?

Injiniya, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayi mai wat 8 tukuna, domin ba a nan gizo ke saƙar ba.

Nisan da masu shago ke ambata, da wanda ake bugawa a jikin kwali, ana samun sa ne idan mutum ɗaya yana kan dutse, ɗayan yana kan wani dutsen, babu gini ko itace a tsakaninsu. Ba a ƙasar nan kaɗai ake wannan tallar ba, a Amurka ma za ka ga an rubuta mil 30 ko fiye a kwalin ƙananan oba-oba waɗanda doka ba ta yarda ƙarfinsu ya wuce wat 2 ba, alhali a cikin unguwa da ƙyar suke cika mil ɗaya.

Dalilin kuwa shi ne irin zangon da waɗannan na'urori ke aiki a kai. Gajeren zango, wanda iyayenmu ke kama Landan da Jamus da shi, yana hawa sama ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa a wata nahiya. Taka kuma tana aiki ne a UHF, tsakanin megahaz 400 da 470, kuma wannan sigina tafiyarta kusan irin ta hasken tocila ce: miƙe take zuwa, abin da ya tare ta ya rage mata ƙarfi ko ya kashe ta gaba ɗaya. Ko da an share duk gidaje da itatuwa, lanƙwasar doron ƙasa kanta shamaki ce. Mutumin da ke tsaye riƙe da oba-oba a bakinsa, wato eriya a tsayin kimanin mita ɗaya da rabi, siginarsa tana taɓa ƙasa a wajen kilomita 5. Idan ɗayan ma a tsaye yake, shi ma yana da kilomita 5, jimilla 10 ke nan a lissafin takarda, a shimfiɗaɗɗen fili kamar tabarma. Kai kuwa kana zaune ne a cikin zaure, bango ya kewaye ka, kwano yana samanka, gidajen maƙwabta suna gabanka, don haka kilomita 2 da kuka samu ba abin raini ba ne.

Game da wat, ga abin da ya kamata ka sani. A sarari fetal, sai an ninka ƙarfi sau 4 kafin nisa ya ninku sau 2. Idan kuma eriya biyu suna kusa da ƙasa, kamar yadda muke riƙe su, sai an ninka shi kusan sau 16. Saboda haka tashi daga wat 5 zuwa wat 8 ba zai ƙara maka fiye da kimanin kashi 12 zuwa 26 cikin ɗari na nisan ba, amma zai shanye batir da wuri kuma na'urar ta riƙa zafi a hannu. Wannan ma idan wat 8 ɗin na gaskiya ne, domin irin taka da ake rubuta mata wat 5, idan aka ɗora ta a ma'auni, abin da take fitarwa yakan tsaya ne a wajen wat 2.

Abin da ke nuna cewa ba ƙarfi ne matsalar ba shi ne, masu sha'awar rediyo sukan yi magana ta tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke shawagi a tsayin kusan kilomita 400, da oba-oba ta hannu mai wat 5 da eriya mai nuna gefe ɗaya. Hanyar ce a buɗe, shi ke nan.

Tsayi shi ne maganin. Eriya a tsayin mita 4 tana hango kimanin kilomita 8, a mita 9 kilomita 12, a mita 25 kuma kilomita 20. Kafin ka sake fitar da ko sisi, ka hau kan soro ko tankin ruwa da wadda ke hannunka, ƙanenka ya sake bin hanyar gona yana tsayawa a kowane kilomita, ka rubuta inda murya ta fara lalacewa. Gani ya kori ji.

Uwar Ɗalibai, Arkilla

Alhaji, mu ma irin taka muke amfani da ita a makarantarmu, guda shida, tsakanin masu gadi da ofis da direbobin motocin ɗalibai, kuma abin da Injiniya ya faɗa ya yi daidai da abin da na gani da idona. A cikin harabar makaranta ba su taɓa ba mu kunya ba, amma da zarar mota ta shiga cikin unguwa ta yi kamar kilomita ɗaya, direba ya ɓace mana. Wata rana na hau bene na biyu ina neman wani abu daban, sai na ji muryar direban sarai daga wurin da ya fi kilomita 3, alhali mai gadin da ke ƙofa bai ji komai ba. Tun daga ranar muka mayar da ta ofis saman bene, kusa da taga.

Akwai ƙananan abubuwa da suka ɗauke ni lokaci kafin in gane su. Wani dattijo cikin masu gadinmu yakan kwantar da tasa a kan benci ya yi magana yana kishingiɗe, kullum kuma shi ake kuka da shi cewa ba a jin sa. Da aka nuna masa ya riƙa tsayar da eriyar tana kallon sama, sai aka daina ƙorafi. Direba idan yana cikin mota ƙarfen jikinta yana tare sigina, sai ya tsaya ya fito. Batir kuma ba ya jure zafin Sakkwato: an bar mana ɗaya a gaban mota a rana cikin watan Afrilu, da muka ɗauko ta batirin ya kumbura har murfin ba ya rufuwa.

Ka kuma san cewa babu sirri a cikinta. Tashoshi 16 da take zuwa da su daga masana'anta iri ɗaya ne da na duk wanda ya sayi irinta, har mun taɓa kwashe yini guda muna jin masu aikin gini suna neman a kawo musu siminti. Kada ka ambaci kuɗi ko ranar da za ka ɗauko kaya a ciki.

Tsohon Ma'aikacin Sadarwa, Gawon Nama

Lissafin Injiniya daidai ne, sai dai ina so in ja hankalin Alhaji kada ya ɗauke shi a matsayin alkawari. Ba layi siriri kamar zare sigina ke buƙata ba, tana buƙatar sarari kewaye da layin, musamman a tsakiyar tafiya, kuma idan ta yi ta gogar ƙasa da kan itatuwa sai ta iso a galabaice. Fadama kuma kwari ce, gaɓarta na iya tare komai ko da eriyar gida ta yi tsayi. A lura kuma da lokaci, domin gwajin da aka yi da rani, lokacin da gonaki suke fayau, ba zai ba da sakamako ɗaya da na damina ba, lokacin da gero da dawa suka fi mutum tsayi kuma dogonyaro da mangwaro suka cika da ganye. Ganye mai ruwa ya fi cin UHF a kan VHF, wato zangon da lambar megahaz ɗinsa take ƙasa da ta UHF, shi ya sa a karkara na fi son VHF, a cikin gine-gine kuma UHF ta fi kutsawa. Ƙurar hunturu, wadda mutane da yawa ke ɗora wa laifi, ba ta da wani tasiri a zo a gani a kan waɗannan zanguna.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika magana a kai ba, wato kunnen na'urar. Masu araha ba su da matattara mai kyau a ciki, don haka idan aka kusanci turken gidan rediyo ko na kamfanin waya sai siginar mai ƙarfi ta toshe musu kunne, su kasa jin ta nesa. Wani lokaci ɗaura musu babbar eriya a cikin birni yakan ƙara dagula lamarin. A ƙauye wannan bai cika damun mutum ba.

Batu na ƙarshe shi ne doka, kuma ina roƙon kada a yi wasa da shi. Zangunan rediyo a Najeriya ba na kowa da kowa ba ne, Hukumar Sadarwa ta Najeriya (NCC) da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ke kula da rabonsu da ba da lasisi, kuma waɗannan na'urori suna iya hawa zangon da aka keɓe wa wasu hukumomi ba tare da mai su ya sani ba. A halin tsaron da yankinmu ke ciki, yaro a kan babur da oba-oba a aljihu zai iya shan tambayoyi masu zafi a shingen bincike. Alhaji ya nemi izini ta hanyar da ta dace, ya ajiye rasit, ya kuma sanar da hakimi da ofishin 'yan sanda na yankinsa cewa don aikin gona yake amfani da su.

Mai Albasa, Kware

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da yamma na hau ƙarfen tankin ruwa na maƙwabcina, wanda tsayinsa zai kai mita 6, kuma abin ya ba ni mamaki: da na'urar nan da na raina na riƙa jin ƙanena har wajen kilomita 6, daidai inda hanya ta fara gangarawa fadama. Yana sauka kuwa ya ɓace ɗif. Ranka ya daɗe Baba na Gawon Nama, maganar izini ma na ɗauka, zan fara da ita. Injiniya, yanzu mene ne abin yi, tunda ba zan tare a kan tanki ba?

Injiniya, Runjin Sambo

Madalla, Alhaji, gwajin ya nuna maka inda matsalar take, kuma ya gaskata Baba na Gawon Nama a kan gaɓar fadama. Abin da za a ɗaga sama eriya ce, kai kana zaune a zaurenka. A kafa bututun ƙarfe mai tsayin mita 9 ko 10 a gida, a ɗaura eriyar waje a kansa, a jawo waya zuwa ɗaki. A gona ma a yi haka kusa da bukkar injin, ko da da doguwar gora ce, domin wannan ɓangaren ne ke cikin rami, kuma shi ya fi buƙatar tsayi.

Na yarda da shawarar komawa VHF. Taka ba ta da shi, amma wata samfurin Baofeng mai suna UV-5R tana da zango biyu, megahaz 136 zuwa 174 da kuma UHF, ana kuma iya kwance eriyarta a ɗaura wata. 'Yar guntuwar eriyar da take zuwa da ita ta yi gajarta ga VHF, inda tsayin da ya dace ya kai kusan santimita 50, shi ya sa doguwa irin Nagoya NA-771 ke taimaka wa wanda ke yawo a cikin gona, sai dai jabunta sun cika kasuwa. Ka lura da wayar da za a jawo daga eriya: kada a sa maka ta talabijin, domin tata om 75 ce, oba-oba kuma 50 take so. Siririyar nan RG-58, idan ta kai mita 10, tana cinye kusan rabin ƙarfin a UHF da kusan sulusinsa a VHF, don haka a gajarta ta iya yiwuwa ko a nemi mai kauri irin RG-213. A menu kuma ka sauke lambar SQL, wato abin da ke toshe ƙarar shuuu idan babu mai magana, zuwa 1 ko 2, domin idan ta yi sama na'urar takan yi shiru ga murya mai rauni da za ka iya fahimta.

Idan an yi duk wannan har yanzu murya tana yankewa, mataki na gaba shi ne rediyon mota mai wat 25 a gida, da batir da ƙaramin faifan sola. Kafin damina kuma a binne sandar ƙarfe a haɗa ta da bututun, kuma duk lokacin da hadari ya taso a cire wayar eriya daga jikin na'urar a ajiye bakinta nesa da inda mutane ke zama.