Auna yawan kafeyin a cikin goro da na'urar NMR: me ya sa alƙaluma ke sauyawa?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum, malamai. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a fannin kimiyyar sinadarai, kuma ina ƙoƙarin gano yawan kafeyin da ke cikin goron da na sayo a kasuwar Sabon Gari. Na tace ruwansa, na busar, na narkar da shi a D2O (ruwa mai nauyi), na aika aka saka a na'urar NMR, wadda ke amfani da maganaɗisu ta nuna alamar sinadarai a matsayin tsinaye a kan zane. Matsalata ita ce, duk lokacin da na kwatanta tsayin tsinin kafeyin da na sinadarin ma'auni (wanda na san yawan da na zuba), sai in sami adadi dabam. Ina kuskuren yake?

Malamin Kongo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ba tsayi ake dubawa ba, faɗin filin da ke ƙarƙashin tsinin ake lissafawa, domin shi ne yake daidai da yawan ƙwayoyin haidirojin da suka ba da alamar. Sai ka raba filin kowane tsini da adadin haidirojinsa kafin ka kwatanta. Idan asid ɗin maleyik ka zuba a matsayin ma'auni, tsininsa guda da ke kusa da lamba 6.3 a kan zanen na haidirojin 2 ne, yayin da kowane rukunin metil na kafeyin yake da 3. Amma abin da na fi zargi shi ne lokacin hutu tsakanin bugu da bugu na igiyar rediyo da na'urar ke yi wa samfurin. A aikin yau da kullum ana barin daƙiƙa 1 ko 2 kawai, wanda ya isa a gane tsarin sinadari, amma bai isa a auna yawansa ba, saboda ƙwayoyin da ba su gama komawa mazauninsu ba za su ba da alama mai rauni, kuma ba da sauri ɗaya suke komawa ba. Ka roƙi mai kula da na'urar ya auna T1 mafi tsawo, wato ma'aunin lokacin da ƙwayoyin ke ɗauka su koma mazauninsu, sannan ya ninka shi sau 5 ya zama hutun. Da haka ake dawo da sama da kashi 99 cikin 100 na alamar.

Hajiya ta Tudun Wada:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ina da ƙari game da goron kansa. Akwai tiyoburomin a cikinsa, kuma da shi da kafeyin kamar wa da ƙane ne: rukunin metil guda ɗaya ne ya raba su, wanda ke matsayi na 1 a tsarin kafeyin. Saboda haka sauran tsinayensu suna kusa da juna ƙwarai, kuma idan suka hau kan juna za ka ƙirga na wani a cikin naka. Ka dogara da tsinin wannan metil ɗin, ka kuma lissafa da sauran don ka ga ko sun yi daidai. Sikelinka fa, ɗan'uwa? Kuskure kaɗan wajen auna miligiram 5 ya isa ya ɓata aikin duka.

Ɗan Samaru:
Allah ya saka da alheri. Na duba takardar da aka aiko mini, hutun daƙiƙa 1 ne, an kuma maimaita bugun sau 16 kacal. Idan na nemi sau 32, alamar za ta ninka ƙarfi?

Malamin Kongo:
Alamar za ta ninka, amma hayaniyar na'urar ma tana ƙaruwa, saboda haka sai ka ninka bugun sau 4 kafin fifikon alamar a kan hayaniya ya ninka sau 2, wato daga 16 zuwa 64. Idan hutun ya kai daƙiƙa 30, samfuri ɗaya zai ci fiye da rabin sa'a, don haka ka yi magana da su a kan kuɗin tun kafin ka aika.