Neman kalma: bidiyon da ke cikin fayil da wanda ke wajensa

Malamin kwamfuta, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. A PowerPoint hanya biyu ce ta sa bidiyo ko sauti a shafi: Faransanci na cewa "incorporer" da "lier", Ingilishi "embed" da "link". Mu duka biyun "sakawa" muke ce musu, shi ya sa ɗalibai ke zuwa gaban majigi bidiyo ya ƙi tashi. A ta farko bidiyon na shiga cikin fayil ɗin kacokan. A ta biyu adireshin inda yake kawai ake ajiyewa. Wace kalma za mu ba kowacce?

Mai gyaran kwamfuta, Babbar Kasuwa:
Wa alaikumus salam Malam. Ta farko ni "cusawa" zan ce, don fayil kumbura yake yi. Bidiyo mai mega 200 in ya shiga, fayil ya ƙaru da kusan mega 200, alhali Gmail mega 25 yake ɗauka. Maganinsa a PowerPoint na Windows: a danna Fichier, Informations, Compresser le média, a zaɓi ƙaramin ingancin hoto, 720p ko 480p. A lura, datse bidiyo da Découper ba ya rage nauyi. Abin da aka datse yana nan ɓoye sai an matse fayil ɗin.

Ma'aikaciyar rediyo:
Yaya, "cusawa" na da ƙamshin tilas, kamar abin bai dace da wurin ba. "Dasawa" ta fi: an ciro shi daga wani wuri, ya kama a sabon wuri, ko an goge na asali yana nan. Kuma tana juyuwa a baki: dasa bidiyo, dasasshen sauti, dasassu. Ta biyu me zai hana "mahaɗi"?

Malamin kwamfuta:
Hajiya, na karɓi "dasawa". Amma "mahaɗi" ta riga ta zauna kan adireshin intanet. A bar ta ga bidiyon YouTube da ake sawa a shafi, wanda ba ya motsi in babu rezo. Wannan da muke magana ba ruwansa da intanet.

Malamar jami'a:
To ku ce "jinginawa". Fayil ya jingina da wani abu da ke wajensa, in aka janye abin ya faɗi. Haka matsalar take: an haɗa aiki a gida, an kwafi fayil ɗin kaɗai a kile USB, bidiyo ya saura a kwamfuta, sai hotonsa na farko ya fito ba motsi. Sauya wa bidiyon suna ko mayar da shi wani dosiye ma na karya shi. Mai son jinginawa ya fara tara bidiyo da fayil a dosiye guda, sannan a tagar zaɓar bidiyo ya danna ƙaramar kibiyar gefen Insérer ya zaɓi Lier au fichier, ya kwafi dosiyen ɗungurungum. Tun PowerPoint 2010 danna Insérer kai tsaye dasawa yake yi; a na 2007 jingina bidiyo ake yi kullum, don haka a binciki tsofaffin fayiloli.

Mai gyaran kwamfuta:
Malama, a kasuwa "jingina" ajiye kaya ne a karɓi bashi, amma kusa da kalmar bidiyo ba wanda zai ruɗe. Sai dai kada a ɗora wa jinginawa kowane laifi. Dasasshen bidiyo ma na ƙin tashi in waya ta ɗauke shi da tsarin ajiye bidiyo na HEVC, tsofaffin kwamfutoci ba su karanta shi. A juya shi zuwa fayil na MP4 mai tsarin hoto H.264 da tsarin sauti AAC. In kuma hoto na tafiya ba murya, a dubi igiya: VGA hoto kaɗai take kaiwa, sai an ja wata zuwa lasifika, HDMI ce ke kai duka biyu.

Malamin kwamfuta:
Madalla, Allah ya saka da alheri. A takardar darasi zan rubuta dasasshen bidiyo, jinginannen bidiyo, da bidiyon mahaɗi. Saura kalmar "compresser": "matsewa" ta wadatar, ko akwai mai wata?